Yadda Shagon Preben Mai Bandar Kifi Ya Ɓace A Waya

Akwai wani mutum mai suna Preben Kofoed, mai sana'ar bandar kifi a wani ƙaramin gari na bakin teku a tsibirin Bornholm. Ya ba shekara hamsin baya, kuma tun yana yaro yake gaban wuta, domin gidan bandar gadonsa ne. Duk wanda ya ci kifinsa da baƙin burodi da gwaiduwar ƙwai zai gaya maka hannun mutumin nan yana da albarka.

Aibinsa ɗaya ne, zargi.

In ka gaishe shi da fara'a, sai ya wuni yana tunanin me kake nema a wurinsa. In maƙwabci ya aiko masa da kek, sai ya ce wa matarsa Bodil, "Ajiye ki gani, gobe zai zo aron tsani."

A da bai san wani abu wai shi talla ba. In jirgin fito ya sauke baƙi masu yawon buɗe ido a lokacin zafi, ƙamshin hayaƙi ne ke jan su har ƙofarsa. Abin da ya samu a watannin nan shi suke ci har shekara ta zagayo.

Sai zamani ya juya. Baƙi suka daina bin hancinsu, suka koma bin waya. Yana tsaye a bakin ƙofa zai ga sun sauko, kowa kai a sunkuye, su wuce shi kamar bango, su nufi ɗaya ƙarshen tashar jiragen inda shagon Ditte Munch yake.

Ita Ditte a hannunsa ta koyi aikin. Ta yi shekara da shekaru tana gyara masa kifi, daga baya ta fita ta buɗe nata. Ba su yi faɗa ba, amma tun ranar Preben ya sa a ransa cewa da ma leƙen asiri ta zo yi.

Wata rana Bodil ta miƙa masa wayarta ta ce, "Rubuta bandar kifi ka nema, ka ga abin da baƙin nan suke gani."

Ya rubuta. Shagon Ditte ne a sama, da hotuna masu sheƙi. Ya yi ta ja, ya yi ta ja, sai can baya ya tarar da nasa, inda ko ɓatacce ba ya kaiwa.

"Ta saye su," in ji shi.

"Ta saye wa?"

"Oho. Koma su wane ne."

Da sanyi ya shigo, baƙi suka watse, aka kashe wuta, Preben ya ɗaura ɗamarar koyon yadda ake sa shafin intanet ya fito a sama in an yi bincike. Ya sa tabarau a kan hanci, kofi a gefe, yana ta kallon bidiyon masu koyarwa. Rabin abin da suke faɗa bai shiga kansa ba, amma ya riƙe abu guda: injin binciken yana duba kalmomin da ke shafinka.

To, in dai kalmomi ake so, ai yana da su.

Bayan mako guda ya kira Bodil da alfahari ya ce ta karanta. Ta gyara murya ta fara da ƙarfi:

"Barka da zuwa bandar kifi, gidan bandar kifi da ya fi kowace bandar kifi a Bornholm bandar kifi. In kana neman bandar kifi, bandar kifinmu ita ce bandar kifi."

Ta ajiye wayar ta dube shi. "Preben, zazzaɓi kake yi?"

"Ba don ke na rubuta ba. Don injin na rubuta."

"To injin ne zai zo ya ci kifin?"

Bai kula ta ba.

Kwanaki kaɗan bayan haka, ga ƙanƙara ta rufe hanya, sai ga Ditte ta ƙwanƙwasa ƙofa da burodin kirfa mai zafi a takarda. Bodil ta rungume ta, ta ɗora kofi. Preben kuwa kallon takardar kawai yake yi.

"Maigida, na ga shafinka," in ji Ditte, domin har lokacin haka take kiransa. "Na ji daɗi da ka fara. Amma ka cire maimaicin nan, ni ma na yi shi da farko, baya ya mayar da ni."

"Sai in sa me?"

"Abin da kake gaya wa mutane a gaban kanta. Yaushe kake buɗewa, wane itace kake ƙonawa, kwana nawa kifin ke yi bai lalace ba. Ka sa hoton murhun nan, babu mai irinsa a tsibirin nan. Sannan ka yi haƙuri."

"Haƙurin kwana nawa?"

"Ni dai sai da na yi fiye da rabin shekara kafin na ga motsi."

Preben ya lissafa a zuci. Rabin shekara, wato lokacin baƙi ya kusa wucewa ke nan.

Tana fita ya juya ga matarsa. "Kin ji, ko? So take in naɗe hannu har kakar baƙi ta wuce. Ta ga na taso, hankalinta ya tashi."

"Yarinyar nan ta tako ƙanƙara ta zo maka da shawara, Preben."

"Shi ya sa. Ruwa ba ya tsami banza."

Bai canza ko harafi ɗaya ba.

Ana nan, wata safiya wayarsa ta yi ƙara. Muryar wani saurayi ce mai santsi, ya ce sunansa Kasper, daga Copenhagen babban birnin ƙasar yake kira, aikinsa ɗaga shafukan ƙananan 'yan kasuwa.

"Wa ya ba ka lambata?" in ji Preben. "Me kake sayarwa? Ba na saye."

Har ya ɗauke wayar daga kunne zai kashe, sai ya ji saurayin yana cewa, "Ba komai, Preben. Ni dai na duba shafinka ne na ga abin ya ba ni haushi. Aikinka ba shi da laifi. Danne ka ake yi. Ko akwai wani kusa da kai mai irin sana'arka?"

Preben ya nemi kujera ya zauna.

Shekara nawa yana faɗin maganar nan ana ce masa mai mugun zato. Yau ga masani daga babban birni, bai san shi ba, bai san Ditte ba, ya faɗa da bakinsa.

"Akwai," ya ce a hankali. "Wata ce. Ni na koya mata aikin."

"Ai koyaushe su ne," in ji Kasper da muryar tausayi.

Suka yi kusan awa guda suna magana. Kasper ya ce injin binciken yana girmama shafin da wasu shafuka da yawa suke nunowa, kuma shi yana da dubban shafukan da za su nuno na Preben cikin 'yan makonni. Mutumin da ba ya ba maƙwabcinsa aron tsani sai ya yi tambaya goma, a ranar ya tura kuɗi, ya kuma ba baƙon murya kalmar sirrin shafinsa.

Bai gaya wa Bodil ba sai bayan an gama. Ta ce, "Ka taɓa ganin fuskarsa?"

"Fuska me za ta yi mini? Mutumin ya san gaskiya."

Abin mamaki, sai abin ya yi aiki. Kafin ƙarshen Afrilu shafinsa ya hau, ya hau, har wata safiya ya wayi gari a saman na Ditte. Ranar bai iya zaman gida ba. Ya zagaya tashar jirage yana nuna wa masunta waya, har wanda hannunsa ke cikin raga sai da ya duba.

A kantin kayan masarufi ya yi kiciɓis da Ditte. Ba ta yi murmushi ba.

"Maigida, wa yake yi maka aikin shafi?"

"Me ya shafe ki?"

"Na nemi sunanka, na gan shi a shafukan caca da na masu sayar da magungunan bogi, wasu ma da harsunan da ban san su ba. Irin wannan hawan ba ya ɗorewa. Ranar da injin ya gane sayen su aka yi, jefar da kai zai yi gaba ɗaya."

Preben ya yi dariya har ya dafa kwandonsa. "Ashe bincikena kike yi? Hassada ga mai rabo taki ce, Ditte. Ki gaida gida."

A farkon Yuni 'yarsu Signe ta haihu a birnin Aarhus, can ƙetaren teku, haihuwar kuma ta zo da wahala, sai Bodil ta hau jirgi ta tafi zaman jinya. Preben ya saura shi kaɗai. Ya sayi itace fiye da na kowace shekara, ya yi alkawari da masunta su riƙa ajiye masa kifi ninki biyu, ya hura murhu.

Sai kawai wata safiya ya nemi kansa a waya bai gani ba.

Ya ja ƙasa, babu. Ya je shafi na gaba, babu. Ya goge tabarau ya sake, babu. Sai ya rubuta cikakken sunansa da na shagon, ko a nan zai fito.

Shafinsa bai fito ba. Abin da ya fito shafin Ditte ne, ɓangaren da ta rubuta da Jamusanci domin baƙin Jamus. Jamusancin Preben bai wuce sunayen kifi da farashi ba, amma sunansa ai ba ya buƙatar fassara. Ga shi nan a tsakiyar rubutunta, da shuɗin launi: Preben Kofoed.

Ya ɗauki hoton allon domin shaida, ya kira Kasper.

"Ka gani ko?" in ji Kasper, ko tambayar me aka rubuta bai yi ba. "Da sunanka take kamun kifi. Duk wanda ya neme ka, wurinta zai faɗa. Ita ta jawo aka sauke ka. Ka sa ta cire yau ɗin nan, ni kuma ka ƙaro wani abu in wanke maka ɓarnar da ta yi."

Preben ya tura masa kuɗin. Sannan ya fita, ko rigar aikin da ke ƙaurin hayaƙi bai cire ba.

Tsakar rana ce, teburan Ditte a cike maƙil, yara na gudu tsakanin kujeru. Tana ɗauke da faranti biyu ya tare ta, ya cusa mata wayar a fuska.

"Mene ne wannan?"

Ta duba, ta dube shi. "Ka karanta abin da aka rubuta?"

"Na ga sunana, ya ishe ni!"

"Maigida, zo mu shiga ciki mu yi magana."

"Kada ki ƙara ce mini maigida! Kin saci aikina na yi shiru, kin kwashe mini baƙi na yi shiru, yanzu kuma sunan nawa ma kin sace? Ɓarauniya! Jama'a, ku san wurin wa kuke cin abinci!"

Kowa ya juyo yana kallonsu. Wata mata ta jawo ɗanta jikinta. Ma'aikatan Ditte suka leƙo daga kicin.

Ditte ta ajiye farantan a hankali. Fuskarta ta yi ja, amma muryarta ba ta tashi ba. "Ka tabbata so kake in cire?"

"Yanzu, a gabana. Ko kuwa ki ji daga lauya."

Ta ciro wayarta daga aljihu, ta yi 'yan danne-danne, ta juyo masa da allon. "An cire. Shi ke nan, Preben. Matsa mini, abincin mutane yana hucewa."

Ya koma shagonsa yana jin kansa kamar wanda ya ci yaƙi.

Kafin ranar, duk da faɗuwar shafinsa, Jamusawa kan ɗan shigo masa jefi-jefi, kamar yadda suka saba a 'yan shekarun nan, su tsaya suna ɗaukar hoton murhu, su sayi kifi. Bai taɓa tambayar kansa ta ina suke jin labarinsa ba. Daga ranar suka ɗauke ƙafa ɗif.

Yuli ya shigo, gari ya cika da baƙi, shagon Preben kuwa sai shi da ƙudaje. Kifin da ya kwana biyu ya kwasa ya zuba wa tsuntsayen teku, har suka gane shi, suna jiransa a kan rufi. Masunta suna kawo abin da aka yi alkawari, dole ya karɓa.

Ya kira Kasper, aka ce ya ƙara haƙuri. Ya sake kira, ba a ɗauka ba. Daga baya layin ma ya daina shiga.

Ko a nan bai daina zargin Ditte ba. Cewa ya yi wataƙila ta saye Kasper ɗin.

Ana tsakiyar watan Bodil ta dawo. Ta sauko daga jirgi da waya cike da hotunan jika, ta tarar da kujeru a kife, mijinta ya rame, ga kifi jibge ba mai saye.

"Me ya faru a nan?"

"Ditte ce. Amma na yi maganinta, a gaban kowa." Ya buɗe hoton shaidarsa ya miƙa mata. "Duba da idonki, ke da kike kare ta."

Bodil kafin aurensu ta yi aiki a jirgin fiton da ke zuwa Jamus, Jamusanci a bakinta yake. Ta karanta sau ɗaya. Ta nemi kujera ta juyo ta, ta zauna, ta sake karantawa.

"Preben, wa ya fassara maka wannan?"

"Babu."

"To saurara." Ta karanta masa a hankali: "Ni da murhun zamani nake banda. In kuna son ku ɗanɗana irin ta da, wadda ake yi da itace a buɗaɗɗen murhu, ku bi bakin ruwa zuwa ɗaya ƙarshen tasha, wurin Preben Kofoed. Shi ya koya mini aikin nan, kuma har yau ban kamo shi ba. Ku taɓa sunansa, zai kai ku shafinsa."

Ta ajiye wayar, ta dube shi.

"Jamusawan nan da ke zuwa ɗaukar hoton murhunka, ka ɗauka daga sama suke faɗowa? Ita ke turo maka su. A duk duniyar nan shafi ɗaya ne ya nuno naka saboda Allah ba don kuɗi ba, shi ne ka je ka sa aka goge."

"Ai... ai da sai ta gaya mini."

"Ka bar ta ta yi magana?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Zan kira ta a waya."

"A waya ka zage ta? A gaban mutane ka kira ta ɓarauniya, a gaban mutane za ka janye. Tashi ka wanke fuska."

Washegari da tsakar rana Preben ya tsaya a tsakiyar teburan Ditte, hula a hannu. Baƙin ba waɗancan ba ne, amma ma'aikatan su ne. Ya ce ya yi mata ƙazafi, ya zage ta a kan alherin da ta yi masa, kuma duk abin da ya same shi shi ya jawo wa kansa.

Ditte ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "Na ji." Ta ɗauki faranti ta wuce.

Amma ranar Litinin da ba ta buɗe shago, sai ga ta a gidansu. Da Bodil ta yi yawancin maganar. Suka canza kalmar sirri, suka rufe wa Kasper ƙofa. Ta nuna musu tarin shafukan banza da aka liƙa wa sunansa, ta koya musu yadda za su sanar da injin binciken cewa ba ruwansu da su.

"Yaushe shafin zai dawo?" Preben ya tambaya daga bakin ƙofa.

"Ba bana ba," in ji Ditte.

Haka kuwa aka yi. Kakar baƙin ta wuce a banza. Kafin sanyi ya fita sai da suka sayar da ƙaramin jirgin ruwan da yake fita da shi tun yana saurayi. Ranar da mai sayen ya zo jansa, Preben bai fito ba.

Wannan sanyin ya sake zama gaban allo. Ya goge sambatun nan kaf. Bodil na zaune gefe tana tuna masa tambayoyin da baƙi kan yi a gaban kanta, shi yana amsawa da irin maganarsa, gajeru, har da 'yar tsawa. Ya sa hoton murhu, ya sa lokacin buɗewa. Watanni suka yi ta wucewa shiru, kullum zuciyarsa na raya masa akwai mai hannu a ciki, kullum yana ce mata ta yi masa shiru.

Da zafi ya zagayo, shafinsa ya fito a can ƙasan jerin farko na sakamakon bincike. Ba a sama ba, amma inda ido ke kaiwa. Baƙi suka fara dawowa kaɗan-kaɗan, wuta ba ta mutu ba.

Ditte tana gaishe shi in sun haɗu, ta tambayi jikansa, ta wuce. Sunansa dai ba ta mayar a shafinta ba, shi kuma bai taɓa samun fuskar roƙonta ba. Bodil da ta ba ni labarin nan ta ce har yau, kowace safiya kafin ya hura wuta, sai ya buɗe shafin Jamusancin nan ya duba, sannan ya ajiye wayar ya ɗauki itace.

Darasi: Mai yawan zargi yana ganin ya fi kowa wayo, alhali shi ya fi kowa sauƙin kamu, domin mayaudari ba sai ya wahala ba, abin da ke zuciyarka kawai zai maimaita maka. Duk wanda ya yi maka alkawarin kai sana'arka sama cikin 'yan kwanaki, a intanet ne ko a kasuwa, ka tambayi kanka da me zai ɗaga ka. Kuma kafin ka ɗaga murya a kan mutum, ka karanta, ka tambaya, ka bar shi ya yi magana, domin haƙuri yana gyara kasuwa, amma ba kowace zuciya da ka fasa ke komawa yadda take ba. Ku tura wa duk wani mai ƙaramar sana'a da kuka sani, wataƙila yanzu haka wani Kasper yana kan layi da shi.